Sulken da Ya Danne Muryar Mayaƙa: Nazarin Matsalar Sauti a Wani Shirin Almarar Kimiyya a Kumasi

Asalin shirin da masu yin sa

Ƙungiyar da ta yi shirin ta matasa ce masu shirya fim a zangunan Kumasi, yawancinsu 'yan Aboabo da Asawase. Abin da suka saba shi ne wasan barkwanci da labarin zaman aure: a ɗauka da rana a tsakar gida, mutum biyu ko uku kan benci, makirufo a saman kansu. Daga nan suka shiga shirin almarar kimiyya mai kashi shida, kowane kashi minti 24, da niyyar kai wa wata tashar talabijin mai shirye-shiryen Hausa, daga baya su ɗora a YouTube.

Labarin yana faruwa ne a wani zamani mai zuwa, rijiyoyi sun ƙafe, wata hukuma mai injuna ta mallaki ruwa ɗaya da ya rage. Sassan labarin da ke faruwa da rana an ɗauke su a bakin tafkin Bosomtwe, kimanin kilomita 30 daga Kumasi, ramin da wani dutse da ya faɗo daga sama ya haƙa fiye da shekara miliyan ɗaya da ta wuce. Wurin ya ba su kamannin wata duniya ba tare da sun gina komai ba. A kashi na huɗu, mata bakwai 'yan tawaye, ƙarƙashin shugabarsu da ake kira Magajiya, suna kai hari da dare kan gidan injin ruwa. Mai rubuta labarin ya ɗauko jarumtarsu daga Amina ta Zazzau, ya ɗauko tsarin kewaye abokan gaba daga Yaa Asantewaa ta Ejisu, wadda ta jagoranci yaƙin da aka kewaye Turawan Ingila a ganuwarsu ta Kumasi a 1900.

Harin yana cin minti tara, da layin magana 42. A tsakiyarsa Magajiya tana gane cewa masu gadin injin yara ne da aka kamo daga unguwarsu, sai ta juya umarni daga kisa zuwa kariya. Duk kashin ya rataya a kan wannan juyi, kuma da baki ake faɗarsa.

Akwai wani sharaɗi da ya shafi duk abin da ya biyo baya. Cikin 'yan wasan bakwai, biyu matan aure ne, uku ɗalibai, ɗaya tela, ɗaya mai sayar da atamfa a kasuwar Kejetia. Iyaye da mazaje sun amince da dare biyar kacal na aikin waje, tare da rakiyar wata Hajiya dattijuwa, kuma a mayar da kowa gida kafin asuba.

Nuwamba: ƙera sulke a Suame

Darakta ya so sulke mai ƙyalli a ƙarƙashin fitila, wanda mai kallo zai yarda an harhaɗa shi daga tarkacen injuna. Aka kai zane wa wani mai walda a Suame Magazine, unguwar makanikai da masu aikin ƙarfe a Kumasi. Kowace riga ta ƙunshi farantin ƙirji na kwanon rufi mai kaurin rabin milimita, da faranti uku masu hawa kan juna a kowace kafaɗa, da sarƙar babur guda 12 da ke reto daga ƙugu zuwa gwiwa. Nauyin riga ɗaya ya kusa kilo bakwai. An lanƙwasa bakin kwanon don kada ya yanki fata, an sa madaurin fata daga wajen dukawa.

An gwada rigunan sau biyu, duka a gaban kyamara, 'yan wasa na tsaye ana ɗaukar hoto. Mai ɗaukar sauti bai halarci ko ɗaya ba, domin a tsarin ƙungiyar ranar ɗauka ake kiransa.

Mako na biyu na Disamba: dare uku a wurin fasa dutse

Gidan injin an kafa shi ne a wani tsohon wurin fasa dutse a bayan gari. Bangon dutsen yana da nisan mita 25 daga inda ake wasa. Wuta daga ƙaramin janareta na fetur, an ajiye shi mita 12 bayan kyamara, saboda iyakar wayar da ke akwai ke nan. Makirufo ɗaya ne, dogo, a kan sanda, yana shiga na'urar ɗaukar sauti. Kyamara tana ɗaukar firam (hoto ɗaya-ɗaya) 25 a daƙiƙa, saurin ƙiftawarta ɗaya bisa 50, daidai da wutar Gana mai 50 Hz, wato mai juyawa sau 50 a daƙiƙa, don haka hoto bai yi rawa ba.

Darakta ya ɗauki yawancin harin a hoto mai faɗi, mata bakwai suna gudu lokaci guda. Don kada sandar ta fito a hoto, dole makirufo ya ja baya zuwa mita uku daga baki. A wasan tsakar gida nisan rabin mita ne. Sauti yana raguwa da desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) shida duk lokacin da nisa ya ninka, don haka murya ta yi asarar kimanin desibel 15 tun kafin a ƙirga wata hayaniya.

Mai ɗaukar sauti ya yi ƙorafi tun daren farko. Aka ba shi amsar da ake yawan bayarwa a lokeshan, wato za a gyara a wajen tacewa. Dare na biyu ya faɗo ranar Juma'a, wani coci da ke ƙetaren hanya ya kwana da lasifika har ƙarfe uku. Iskar hunturu tana tashi daga ƙarfe ɗaya, kuma makirufon soso kawai yake da shi, ba shi da rigar gashi mai tare iska. Ba a ajiye wanda zai bi rubutun labari yana rubuta abin da 'yan wasa suka faɗa ba, su kuwa cikin gudu da haki sun canza kalmomi da dama. An tashi da hoto mai kyau ƙwarai, an cinye dare uku cikin biyar.

Ƙarshen Disamba: gwajin saurare

Da edita ya haɗa minti taran, waɗanda suka san labarin suna jin komai, domin kunne yana cike abin da ya riga ya haddace. Sai aka tara mutum goma da ba su taɓa ganin rubutun ba, aka kunna musu a lasifikar waya, aka ce kowa ya faɗi abin da ya ji layi bayan layi. An zaɓi waya ne saboda a kanta yawancin masu kallo za su gani. Layin da mutum bakwai cikin goma suka kama daidai shi ake ƙirgawa. Aka sami 11 cikin 42.

Layin juyin ya fi kowanne muni. A rubuce, Magajiya tana cewa, "Ku kare su!" Shida cikin masu sauraro sun ji "Ku ƙare su!", ma'anar da ta kife labarin gaba ɗaya, har suka yi mamakin me ya sa mayaƙan suka rungumi yaran bayan an ba su umarnin gamawa da su.

Makon farko na Janairu: wanke sauti da kwamfuta

Kowa ya ɗora laifi kan janareta, shi ake fara ji da an kunna. Edita ya yanke duk abin da ke ƙasa da 100 Hz, wato sauti mai kauri irin na gurnani, ya kuma toshe 50 Hz da ninkinsa, 100 da 150. Gurnanin ya ragu sosai. Daga nan ya sa manhajar rage hayaniya, irin wadda ake nuna mata wurin da babu magana ta koyi hayaniyar, sannan ta cire ta daga ko'ina.

Irin wannan manhaja hayaniya mai ɗorewa take kamawa, kamar ta inji ko fanka ko kukan gyare. Ƙarar sarƙa a kan kwano tana zuwa ne farat ɗaya ta wuce, kowace da irin tata, babu abin da manhajar za ta koya. Ƙari a kan haka, ƙarar ƙarfe siriri tana zaune tsakanin 2,000 da 6,000 Hz, inda baƙaƙe irin su s da ts da k da t suke fitowa. Da edita ya matsa wa manhajar don ta ci ƙarfen, sai ta haɗa da baƙaƙen. Murya ta koma kamar ta mai magana cikin randa: wasula suna nan, karin sauti yana nan, amma ba a san inda kalma ta fara ba. A Hausa wannan asara ce babba, domin ɗan bugun da ke raba ƙ da k, ko ɗ da d, gajere ne ƙwarai, kuma shi manhajar ke fara ɗauka a matsayin datti.

Kwana shida aka yi ana wannan. Sakamakon gwaji da sababbin masu sauraro: 14 cikin 42.

Tsakiyar Janairu: ƙananan makirufo a jiki

Aka aro ƙananan makirufo marasa waya guda huɗu, masu aiki da siginar rediyo ta 2.4 GHz, don a gani ko za su isa a sake ɗauka da su. An gwada da rana a filin wata makaranta, don kada a taɓa dare biyun da suka rage.

Matsala uku ta fito cikin awa ɗaya. Wurin da ya dace da irin wannan makirufo shi ne tsakiyar ƙirji, santimita 15 zuwa 20 ƙasa da haɓa, nan kuwa farantin kwano yake. Da aka manna shi a kan farantin, duk bugun sarƙa yana bi ta ƙarfen ya shiga makirufo kai tsaye, ya fi yadda yake a iska ƙarfi. Da aka ɓoye shi ƙarƙashin mayafin da ke naɗe a wuya, yadin roba ne, yana goga shi a kowane taku. Filasta da ɗan ƙyalle mai laushi sun rage gogar, ba su taɓa ƙarar ƙarfen ba. Ta uku, na'urar aikawa tana bayan farantin, kuma ƙarfe da jikin mutum duka suna tare siginar 2.4 GHz. Da 'yar wasa ta juya baya a nisan mita 20, sauti ya riƙa yankewa.

Aka mayar da su ga mai su washegari.

Ƙarshen Janairu: ɗora murya a situdiyon waƙa

Shawara ta gaba ita ce a zubar da sautin lokeshan gaba ɗaya, a ɗora sabuwar murya. Aka yi hayar wani situdiyon waƙa na kwana uku. 'Yan wasa suna zaune kan kujera, babban makirufon mawaƙa santimita goma daga baki, suna kallon hoto suna maimaitawa.

Gwaji ya ba da 37 cikin 42, amma masu sauraro suka ce kamar wasan rediyo aka liƙa wa fim. Dalilan a bayyane suke. Makirufo mai fuska ɗaya, wato mai ɗaukar sauti daga gabansa, idan ya matso baki sosai yana kumbura ƙasan murya, sai mace mai gudu a fili ta yi sauti kamar mai raɗa a kunne. Mai zama kan kujera ba ta haki, alhali a hoto kafaɗunta na hawa da sauka. Sannan tunda ba wanda ya rubuta ainihin abin da aka faɗa a Disamba, kuma tsohon sautin ba ya jiyuwa, sai aka koma ga rubutun asali, leɓe na faɗar wani abu, murya na faɗar wani. Firam ɗaya daƙiƙa 0.04 ne, kuma saɓanin firam biyu ko uku ido yana kama shi a hoto na kusa.

Akwai kuma gyaran da wani mai taimakawa a situdiyon ya kawo da kyakkyawar niyya. Hausar zangon Kumasi ba ta cika raba namiji da mace a nahawu ba, ana iya cewa "Magajiya ya zo" ba wanda zai ɗaga kai. Shi kuwa ya dage sai an faɗa da Hausar Kano. 'Yan wasan suka koma lura da "ta" da "ya" maimakon lura da tsoro da fushin da ke cikin layin, muryarsu ta sandare. Layin juyin ma bai tsira ba: mai wasan Magajiya, kamar yawancin 'yan garin, ba ta fitar da ƙ daban da k sosai, kuma "kare" da "ƙare" karin sautinsu ɗaya ne, tsawon wasulansu ɗaya. Ko a cikin shirun situdiyo, huɗu cikin goma sun ji akasin abin da ake nufi.

Makon farko na Fabrairu: rarrabe hayaniyar ɗaya bayan ɗaya

A nan ne aka ba mai ɗaukar sauti rana guda ya yi abin da ya nema tun Disamba. Ya ɗauki 'yar wasa ɗaya, layi ɗaya, makirufo a nisan rabin mita, ƙarfin ɗauka bai canza ba, ya ɗauka sau shida, kowane karo abu ɗaya ne yake canzawa.

Ba sulke, ba janareta: murya tana kaiwa desibel 12 ƙasa da ƙololuwar na'ura, tsaf. Da sulke, tana tsaye: kusan babu bambanci. Da sulke, tana tafiya: bugun sarƙa ya kai tsayin murya. Da sulke, tana gudu: bugun ya haura murya, har na'urar tana cika. Ba sulke, janareta a mita 12: gurnani yana nan amma kowace kalma tana jiyuwa. Ba sulke, janareta a mita 50: ya ragu da kusan desibel 12, abin da ya saura yankan 100 Hz yana ɗauke shi.

Sai ya cire sarƙoƙin kaɗai ya bar farantai. Fiye da rabin ƙarar ta tafi, saura gogar farantan kafaɗa. Da yamma ya je wurin fasa dutsen ya yi tafi ɗaya ya ɗauka. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, zuwa bango da dawowa mita 50 ne, don haka amsa-kuwwa tana dawowa bayan kusan firam huɗu. Ma'ana kowane bugun sarƙa sau biyu ake jin sa, na biyun yana faɗawa kan gaɓar kalma ta gaba. A ninka wannan da riguna bakwai.

Mako na biyu na Fabrairu: lifidi da robar silifa

Telar da ke cikin 'yan wasan ce ta kawo maganar lifidi, rigar auduga mai kauri da barade ke sawa su da dawakansu a ƙasar Hausa da Barno. Auduga ba ta ƙara, tana ma shanye sauti. Aka ɗinka bakwai: yadin auduga baƙi ninki biyu, auduga a tsakani, ɗinki a jere tazarar santimita huɗu don kada ta taru a ƙasa.

Farantan aka sake su da robar da masu takalma na Kumasi ke yanka tafin silifa da ita, mai kaurin milimita takwas. Dole su yi kama da na Disamba, tunda za a riƙe hotunan nesa. Yadda aka yi: a shimfiɗa takarda kan tsohon farantin a zana, a yanka robar da reza sabuwa, domin dakusasshiya tana yaga baki. A gasa da na'urar hura zafi har ta yi laushi, a danna ta kan gindin tukunya ta ɗauki lanƙwasa, a riƙe har ta huce. A shafa gam ɗin masu takalma a fuska biyu, a jira kamar minti goma ya daina kama yatsa, sannan a haɗa. Wanda ya haɗa da ɗanyen gam zai ga ya ɓalle a gudun farko. Wannan aiki a waje ake yin sa, warin gam ɗin yana sa jiri a rufaffen ɗaki.

Rukunin farko ya lalace. An fesa fenti kai tsaye, robar ta shanye shi, abin da ya saura ya tsattsage da aka lanƙwasa. A rukuni na biyu aka fara shafa farin gam na kafintoci da aka sirka da ruwa, shafi uku, kowanne ya bushe kafin na gaba, sai baƙin fenti, sai a goga ruwan azurfa da busasshen buroshi a gefuna da wuraren da ƙarfe ke cinyewa. Sarƙoƙin aka maye su da igiya kitsattsiya mai fenti iri ɗaya.

Da aka gwada a gaban makirufo, wata sabuwar ƙara ta fito: roba mai fenti idan ta goga 'yar'uwarta tana ƙiiƙ kamar sabon takalmi. Aka manna ƙyallen bargo a ƙarƙashin kowane farantin kafaɗa, aka barbaɗa hoda a mahaɗa. Ƙarar ta mutu. Riga ɗaya ta dawo ƙasa da kilo biyu da rabi. Makirufon jiki ma ya sami mazauni, an ɗinka masa ɗan aljihu a wuyan lifidin, kodayake daga baya ba a bukace shi ba.

Mako na uku na Fabrairu: dare biyun ƙarshe

Kafin a fita, darakta da edita da mai sauti suka zauna kan layi 42. Tara aka soke, domin abin da ido ke gani suke maimaitawa, irin su "Ga su nan" da "Ku biyo ni". Edita ya tsamo minti biyar na hotunan Disamba inda ba a ganin baki: an juya baya, ko ƙura ta tashi, ko nesa ce. Layi 19 za su hau kan waɗannan da kuma sababbin hotunan gudu, inda mayaƙan suka ja amawali suka rufe hanci da baki, abin da ƙurar labarin ta riga ta halatta. Layi 14 da suka rage, masu bukatar a ga fuska, za a ɗauke su a kusa, mai magana tana tsaye ko a durƙushe. Layin juyin aka sake rubuta shi: "Kada ku taɓa su! Namu ne!" An kuma bar kowa ta yi Hausar bakinta.

An zaɓi Litinin da Talata don kauce wa lasifikar coci. Ba a kai janareta ba. Hoton kusa fitila kaɗan yake so: LED huɗu masu wat 60, jimla wat 240. Batir mai volt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200, amma rabi kawai ake ci idan ana so ya daɗe, inbata kuma tana cin nata kaso, don haka batir ɗaya awa biyu ne da ɗan ɗori. Aka kai biyu, ana kashe fitilu tsakanin ɗauka. Inbatar tana da fanka, aka ajiye ta mita 15 bayan tarin dutse.

Makirufo ya sami rigar gashi, ya dawo santimita 40 zuwa 50 sama da goshi, yana kallon baki. An juya 'yan wasa su fuskanci fili, bango yana bayansu, aka rataya barguna biyu kan katako a gefen da kyamara ba ta gani. Kowace ɗauka da tafin allo a farkonta, don a daidaita sauti da hoto. Ɗaya daga cikin ɗaliban da ba ta cikin fitowar ta riƙe rubutu tana gyara duk kalmar da aka canza.

Layi 19 na bayan fage a nan wurin aka ɗauke su, da makirufo ɗaya, bayan an kashe fitilu da inbata. 'Yar wasa za ta yi gudun mita 50 ta dawo, ta tsaya kan alama, ta faɗi layin sau uku: da ihu, da matsakaiciyar murya, da haki. A ƙarshen kowane dare aka ɗauki minti ɗaya na shirun wurin, kowa ya tsaya cak, don a shimfiɗa shi ƙarƙashin duk fitowar kada a ji inda aka yanka. Hajiya mai rakiya ita ta riƙe agogo, ƙarfe huɗu saura kwata tana cewa, "'Ya'yana, a tattara." Lifidin ya yi zafi fiye da yadda aka zata, domin sanyin hunturu ya ja baya a ƙarshen Fabrairu, ana cire shi bayan kowane minti 20 a sha ruwa.

Farkon Maris: haɗa sauti da sakamako

Tsohon sulken ƙarfe ya dawo aiki a wani ɗaki da aka jingina wa katifu huɗu. Wani yaron shago ya sa shi yana kallon hoto yana kwaikwayon motsin kowace mayaƙiya, ana ɗauka daban. Yanzu ƙarar tana kan layinta, edita yana ɗaga ta inda babu magana, yana sauke ta da desibel takwas zuwa goma duk inda kalma za ta fito. Kiɗa ma haka. An fitar da kwafi biyu, na talabijin a kan ma'aunin ƙarfin sauti na −23 LUFS, na YouTube kusa da −14. An saurari na biyun a waya a bakin titi kafin a amince.

Gwajin ƙarshe da mutum goma sababbi: 31 cikin 33. Duka goman sun kama layin juyin. Ba wanda ya ce murya ta rabu da hoto. Daga ranar ɗaukar farko zuwa miƙa kashin, makonni 12 ne, kimanin huɗu daga ciki sun tafi a hanyoyi ukun da ba su yi ba.

Hukunci

Sulken ne ya jawo matsalar, kuma an kafa ta tun Nuwamba, ranar da aka gwada riguna a tsaye ba tare da makirufo ba. Janareta ya sha zargi saboda ƙararsa ba ta yankewa, amma ƙararsa tana ƙasa, inda ake iya yanke ta, kuma waya mai tsawon mita 50 ta isa ta magance shi. Sarƙa kuwa tana bugawa ne a daidai inda baƙaƙen magana suke, a jikin mai maganar, kuma bangon dutse yana ninka ta. Manhaja da makirufon da suka gwada ba su iya raba abu biyu da suka zauna wuri ɗaya a lokaci ɗaya ba.

Jan ƙafar da aka yi wajen sake ɗauka yana da uzuri na gaske: dare biyu ne suka rage, amana ce ta iyaye da mazaje, ba a so a ƙona su a banza. Abin da ba shi da uzuri shi ne jinkirta gwajin ɗauka shida, wanda yini ɗaya ya ci, ba ya bukatar dare ko kuɗin haya, kuma da an yi shi a ƙarshen Disamba da ya hana wankin kwamfuta da aron makirufo da hayar situdiyo. Ɗora murya ita kanta hanya ce mai kyau. Ta gaza a Janairu saboda wuri da makirufo da zaman kujera da canjin Hausa, ta yi aiki a Fabrairu da aka yi ta a fili ɗaya da hoton, da numfashin gaske, a kan bakin da ke rufe. Shi kuwa layin "Ku kare su" kuskuren rubutu ne tun asali, wanda karanta shi da baki sau ɗaya a gaban ɗan Aboabo zai tona.

Aibi biyu sun rage a kashin da aka miƙa. A fitowa ɗaya, inda aka yanko daga hoton Disamba zuwa na Fabrairu, farantin kwano yana walƙiya ƙarƙashin fitila, na roba kuwa ƙyallinsa a dushe yake. An rage hasken na farkon a wajen gyaran launi, amma mai lura zai gani. Layi biyun da ba a kama ba kuwa na ƙaramar cikinsu ne, ɗalibar da muryarta ta dishe a daren ƙarshe bayan ihu cikin ƙura, kuma ba sauran dare da za a sake.